Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

Ba a taɓa zargin malaman jami'a da rowar ta'aziyya ba. Da zarar an yi wa abokin aiki rasuwa, za ka ga motoci sun cika ƙofar gida, an raka gawa makwancinta, an zauna makoki kwana uku. Wannan hali ne na kirki, Allah ya bar mu a kansa. Amma nauyin rashi ba ya sauka da naɗe tabarma. A rana ta huɗu ne ma mai makoki yake fara jin gida ya yi masa faɗi.

Ga abin da muke gani a sassanmu. Malami ya binne matarsa ko ɗansa, mako bai zagayo ba sai ga saƙon tuni cewa ana jiran sakamakon jarrabawa. Malama ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, makomar darussanta kuwa ta rataya ga tausayin shugaban sashe. Idan ya ga dama ya ɗaga mata ƙafa, idan bai gani ba shi ke nan. Hakkin da ya dogara ga halin mutum ɗaya alfarma ce, kuma alfarma tana iya tafiya tare da mai yin ta.

Don haka muke kira ga hukumar jami'a da ta rubuta ƙa'idar hutun makoki ƙarara, wadda ta haɗa da takaba, ta kuma shafi Musulmi da Kirista ba bambanci. Kowane sashe ya tsara tun da wuri wanda zai riƙe aji, ya duba takardu, ya kula da ɗaliban digiri na biyu da na uku har mai makoki ya dawo hayyacinsa.

Idan kuwa ɗan ƙungiya ne ya riga mu gidan gaskiya, iyalinsa amanarmu ne. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba. Waɗanda suka sani kuma sukan gaji da zirga-zirgar neman takardar izinin gado daga kotu. Ya kamata reshe ya ware wakilin da zai bi su ofis-ofis har hakkinsu ya fito, ya kuma tsaya kada a gaggauta fitar da marayu daga gidan jami'a.

Mu ma akwai abin da ya rage a wuyanmu. Kowa ya duba sunan magajin da ya rubuta a fayil ɗinsa, ya sabunta shi tun yana da rai. Kuma bayan arba'in, lokacin da ƙafa ta ɗauke, a leƙa ofishin abokin aiki a zauna da shi ko da na minti goma ne. Zumunta a ƙafa take.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.