Hawan Daura Da Masu Yi Masa Kaya

Muna roƙon Edita ya ba mu ɗan fili mu faɗi ra'ayinmu bisa wani al'amari da kowa ke sha'awa, amma kaɗan ne ke tunanin inda ya ke fitowa, watau hawan Salla. Duk lokacin da aka komo daga hutu, sai ka ga kowa ya fito da wayarsa yana nuna na garinsu. Kanawa su ce nasu ne gaba, tun da hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2024. Katsinawa su ce a'a. Mu mutanen Daura ba mu cika shiga gardamar ba, gama uwa ba ta jayayya da 'ya'yanta. Wanda ya tsaya ƙofar fada ran hawan Magajiya, ko ran Sallar Gani cikin watan Rabi'ul Awwal, ya ji tambari da kakaki sa'ad da Mai Martaba ya fito, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Amma fa duk yabon da a ke yi, mahayi a ke yi wa. Hoton nan da ke yawo a Facebook da TikTok, fuskar ɗan sarki ce da rawaninsa. To, bari mu sauke shi daga kan dokin, mu duba abin da ya ke zaune a kai.

Sirdin nan masassaƙi ne ya fara fid da shi daga itace, sa'an nan baduku ya lulluɓe shi da fata. Fatar kuwa kafin ta iso hannun baduku sai da ta kwana da kwanaki wurin majemi: ya jiƙa ta da toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa har ta jemu, ya shafe ta da mai, ya rina ta da karan dafi ta yi ja wur. Irin fatar akuyar nan ce fatake su ke ƙetare Sahara da ita a zamanin da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don a can su ke sayenta, ba su san daga ƙasar Hausa ta fito ba. Likkafa da linzami aikin maƙeri ne. Jalala da ɗan kai aikin mai allura ne, wanda ya kan yi makonni yana sunkuye bisa ƙyalle guda. Lifidi sai an cusa masa auduga an bi shi da ɗinki layi layi, in an yi gaggawa ya tattare gefe ɗaya. Ga ɗan barga da ke tashi tun assalatu ya ba doki dawa da harawa da kanwa, shekara guda cur, don hawan 'yan kwanaki. Ga mai algaita, wanda tun yana yaro a ke koya masa ya ja numfashi ta hanci yana busa da baki, ba tare da muryar ta yanke ba. In ka ƙidaya, kafin mutum ɗaya ya yi sukuwa ya ɗaga hannu ya yi jinjina, hannaye sun fi ashirin da suka yi masa aiki.

Abin da ya dame mu shi ne, ka shiga zauren waɗannan masu sana'a ka dubi kawunan da ke ciki. Galibi furfura ce. 'Ya'yansu suna Kano, suna Kaduna, suna Abuja da Ikko, wannan yana tuƙa Keke Napep, wannan yana sayar da katin waya, wannan yana gadin gidan wani.

Ba mu ce laifi ne zuwa birni ba. Mutumin ƙasar Daura tun kaka da kakanni matafiyi ne, ya san hanyar Damagaram kamar yadda ya san ta Kano, kuma kasuwar Mai'aduwa ba ta cika da mutanen gari ɗaya ba. Yaron da ya ce dukanci ba ya ciyar da gida, ba ƙarya ya ke yi duka ba: aikin na zuwa ne gab da Salla, ya ɗauke, ga kuma takalman roba da jakunkunan kanti sun kashe cinikin yau da kullum wanda da shi baduku ke cefane. Sai dai akwai bambanci tsakanin ɗan ci rani na da da na yanzu. Na da ya kan tafi da sana'arsa cikin jaka, ya zauna a bakin kasuwa ya yi ta, in hadari ya fara haɗuwa ya komo gona. Na yanzu ya kan tafi hannu rabbana, ya kama abin da ya samu. A 2013, da gwamnatin Kano ta hana acaɓa, cikin kwana ɗaya dubban samari suka wayi gari ba su da abin yi. Babu dokar da za ta iya cire wa mutum ɗinkin sirdi daga yatsunsa.

Kuma wai cewa babu kasuwa, wannan mun ƙi yarda. Yau ba sarakuna kaɗai ke hawa ba. Samari sun ɗauki kilisa da yamma, ango ba ya jin ya yi aure sai an yi masa hawan angwanci, masu shirya fim a Kano kuma kullum suna neman kayan sarauta na haya. Kuɗi na nan, amma yana tsayawa hannun dillali da mai ba da haya, wanda ya yi aikin kuwa ko sunansa ba a sani ba. Tsohon zancen fatar Maroko ke nan ya komo mana gida.

Nan ne maganar ta shafe mu, mu da a ke shiryawa don koyarwa. Akwai wata kalma da ta daɗe tana yawo cikin azuzuwan ƙasar nan: in yaro ya kasa lissafi, sai a ce masa, "Kai dai ƙarshenka ƙira," ko "Tafi ka taya ubanka jima." Sauran yara su yi dariya. Yaron nan ko ya ci jarrabawa ko ya faɗi, abu ɗaya ya koya ran nan, shi ne sana'ar gidansu abin kunya ce. Ga shi kuwa ofis ba zai ɗauki kowa ba. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, an kafa jami'ar sufuri, a 2021 kuma aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi wadda aka shata ta bi ta Daura. Duk alheri ne. Amma ko cikin waɗannan, mai hannu za a fi nema bisa mai alƙalami, kuma yaron da aka koya wa ƙyamar zuga zugi ba zai so ƙarfen jirgi ba.

Mu tuna, zuriyar sarakunan Haɓe ta bar birnin Daura a farkon ƙarni na 19, ta yi wajen shekara ɗari a waje, har 1906 da aka komo da Malam Musa daga Zango. Cikin wannan tsawon zamani sarautu da kiɗa da tsarin hawa ba su ɓace ba, alhali ba a littafi aka ajiye su ba. Uba ne ya nuna wa ɗa, ɗa ya nuna wa jika. Abin da ƙaura ba ta kashe ba, kada ya zama dariyar aji ce za ta kashe shi.

Shawararmu ga 'yan'uwa da za su fita gwajin koyarwa a Daura, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu, ba mai tsada ba ce. Ran farko ka tambayi kowane yaro sana'ar gidansu, ka rubuta kusa da sunansa. In za ka ba da lissafi, ka bar lemo da mangwaro na cikin littafi, ka tambaye su fata nawa ke shiga sirdi, nawa a ke sayen kowace, nawa ya rage wa baduku bayan ya biya majemi. Ka nemi izinin shugaban makaranta ka gayyato Sarkin Maƙera ko wani tsohon baduku, a shimfiɗa masa tabarma gaban aji, ka zauna kai ma cikin masu saurare, yara su ga malaminsu yana tambaya. Waɗanda kuma ke da waya mai kyaun hoto cikinmu, kwana uku kafin Gani mai zuwa su leƙa zauren dukawa, lokacin da a ke ta gyaran majanyi da ragama har dare, su ɗauko mana wannan, su sa sunan mai aikin da unguwarsu a ƙarƙashi, don mai neman saye ya san ƙofar da zai yi sallama.