Waiwaye: Ina Hussainar Wasiƙa?

Mu da muka riski zamanin tafireta mun san cewa wasiƙar ofis ba ita kaɗai ake haifa ba, tagwaye ake haifa. Akawu zai ɗauko farar takarda mai kauri, ya sa kabon a bayanta, ya ƙara wata 'yar shara-shara a bayan kabon, ya bubbuga gefensu a kan tebur su daidaita, sannan ya cusa a na'ura ya murza. Akawun ofishinmu, wani dattijo da yatsunsa ba sa rabuwa da shuɗin kabon, yakan ce ta sama Hassana ce, ita ke shiga gari. Ta ƙasa Hussaina, ita ke zaman gida. In an yi ta uku, wadda rubutunta ya yi dishi-dishi sai an kai ta bakin taga, wannan kuma Gambo ce.

Hussaina ba ta kwana a kan tebur. Kafin a tashi aiki an huda kusurwarta, an zura mata zaren nan mai ƙarfe a kowane baki, an rubuta mata lamba a sama, ta bi sahun 'yan'uwanta cikin fayil. Masinja ya rungume fayil ya kai rajista. Babu wanda ya taɓa tsayawa yana tunanin ko a ajiye kwafi ko kada a ajiye. Hannun da ya buga wasiƙa shi ya buga kwafinta, a bugu ɗaya. Kuskure kuwa tsada gare shi, don kowane shafi sai an bi shi an kankare.

Yaranmu na yau suna ganin "cc" a saman imel, suna cika gurbin da sunaye, ba su san sunan kabon ɗinmu ne ya rage a wurin ba. Kuma irin waɗannan fayiloli ne suka cika gidan adana takardun tarihi na Kaduna, reshen hukumar da ta faro a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike. Duk mai son sanin yadda En'e ta tara haraji da jangali, can zai je, ya tarar da abin da akawun da ba a san sunansa ba ya huda ya zura wa zare.

Sai kwamfuta ta zo, firinta ta biyo bayanta, muka yi murna, kuma murnarmu tana da hujja. Amma a cikin guɗar ne muka yar da Hussaina ba mu lura ba. Kowa ya ce ai takardar tana cikin kwamfuta. Wace kwamfutar? Na taɓa ganin wata baiwar Allah da mijinta ya rasu tana bin haƙƙinsa. Takardar ɗaukarsa aiki, wadda aka buga da tafireta tun yana saurayi, an same ta a fayil, ta yi ja, gara ta ɗan taɓa gefe, amma tana karantuwa. Takardar ƙarin girmansa ta ƙarshe kuwa, ta 'yan shekarun baya, aka neme ta sama ko ƙasa. Wanda ya buga ta an yi masa canjin wurin aiki, kwamfutar ta mutu, filashin da ya kwafe ta a ciki ya bi wani. Matar nan sawu nawa ta yi, Allah kaɗai ya sani.

Kwanan baya na kai ziyara wani ofis inda ɗan wani abokina ke kula da kwamfutoci. Ya ce, "Baba, zo ka ga kabon ɗinku." Ya bayyana mini cewa in mutum ya danna a buga, takarda ba kai tsaye take faɗa wa firinta ba. Tana fara zuwa babbar kwamfutar da suke kira sabar, ta shiga layi kamar masu jiran awo, in an buga ta sai a share. Manhajar da ke tsare layin a wurinsu ita ce CUPS, wadda Michael Sweet ya fitar a 1999, kamfanin Apple ya saye ta a 2007. In ba a taɓa saitinta ba, kwana ɗaya take riƙe takarda ta watsar. A Windows ma akwai ɗan akwatin da za ka yi wa alama a riƙa ajiye abin da aka buga, sai dai da yaren firinta ake ajiye shi, ɗan Adam ba ya iya buɗewa ya karanta haka kawai.

Abin da yaron ya yi shi ne ya tare hanya. Kowace takarda, kafin a share ta, ana juya ta zuwa PDF, a lanƙaya mata kwanan wata da sunan wanda ya aiko da firintar da ta buga, a jefa ta ma'ajiyarta. Ya ce PDF ɗin ma iri-iri ne. Shi yana amfani da PDF/A, wanda aka tsara a 2005 musamman don ajiya mai tsawo, don yana ɗauke da siffofin haruffansa a jikinsa, ba sai ya yi aro ba. Na yi shiru ina kallo. Da tsohuwar zuma ake magani: ga Hussaina ta dawo, ba shuɗi a yatsa.

Amma akwai abin da na ga babu. Akawunmu ba huda takarda kawai ya iya ba. Ya san wadda za ta shiga fayil na fili da wadda za ta shiga na sirri, ya san wadda ba ta cancanci zare ba sam. Makullin kabad a zariyarsa yake kwana, kuma ko babban ma'aikaci ya zo neman fayil ɗin da ba huruminsa ba, sai akawun ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, sai da sa hannu." Sabar ba ta da wannan kunya, duk abin da ya ratsa ta kamawa take. A 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injinan hoton takardu, aka buɗe rumbun ajiyarsu, sai ga bayanan 'yan sanda da na marasa lafiya tuli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ma nan Najeriya, tun 2023 muna da dokar kare bayanan mutane, saboda haka tara takardun albashi da na asibiti ba tare da an san wa zai gani ba, kuma har yaushe za a riƙe, ba ƙaramin ɗaukar kaya ba ne.

Na tambayi yaron, "To, makullin a zariyar wa yake?" Ya yi dariya, ya ce a wurinsa yake shi da shugaban ofis, kuma an liƙa sanarwa a jikin kowace firinta don kowa ya sani. Ya buɗe mini jerin sunayen abin da aka buga a makon: wasiƙun aiki, jadawalin hutu, katin gayyatar ɗaurin aure har kala uku, aikin makarantar 'yar wani. Can ƙasa sai ga wata mai suna "neman aiki", wani ya buga ta bayan an tashi, ƙarfe biyar da rabi. Yaron ya kai hannu zai danna.

Na riƙe masa hannu, na ce, "Ɗana, wannan ba ta ofis ba ce."