Shimfiɗa Kafin Mayafi

Ya kai ɗalibi, idan za ka hau dutse ka kwana a can, kamar Chappal Waddi na Jihar Taraba mai tsayin mita 2,419, kada ka ƙarar da kuɗinka a kan jakar barci. A ganina, shimfiɗa ya kamata ka fara saya.

Dalili kuwa shi ne, ƙasa mai sanyi ta fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki. Idan ka kwanta, nauyinka yana danne cikon jakar da ke ƙarƙashinka, sai ya daina riƙe ɗumi.

Wani zai ce tabarma ta isa. Tabarma tana tare ƙura, amma ba ta tare sanyi sosai. Siririyar katifar soso ta fi, ga arha, ga rashin nauyi, kuma ƙaya ba ta sace ta kamar katifar da ake hurawa.

Ita jakar kuwa, mai gashin agwagwa ta fi ɗumi, amma da zarar ta jiƙe ta tashi aiki. A tsaunuka masu yawan ruwa da raɓa, mai zaren roba ta fi aminci. Wanda ya kwana yana makyarkyata ba zai iya hawa da safe ba.