Injin Sare Itace Mai Araha da Makomar Dazukanmu

Daga cikin kayayyakin da fatake suka shigo da su ƙasar nan a 'yan shekarun nan, waɗanda suka bazu daga manyan kasuwannin birane har suka kai ga rumfunan ƙauyuka, babu wanda muke ganin ya cancanci a tsaya a yi masa nazari na tsanaki kamar injin sare itace mai sarƙa, domin kuwa abu ne da ake ɗauka a kafaɗa, ake ɗaure shi a bayan babur, amma aikin da yake yi a yini guda ya kan shafe abin da ƙasa ta yi shekara hamsin tana rainonsa. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari, ko ta Bali da Gashaka, ko ta Ningi da Tudun Wada, ya san kukan wannan inji tun daga nesa, ya kuma ga buhunan gawayi da gumagumai da aka jera a bakin titi suna jiran mota. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya game da shi, da fa'idarsa da illarsa, ba tare da zuzutawa ko ragewa ba.

Asalin wannan na'ura daga Turai yake. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera irinta mai aiki da lantarki a shekarar 1926, sa'an nan a 1929 ya fito da mai shan fetur, wadda nauyinta ya kai kimanin kilo 46, sai mutum biyu ke iya sarrafa ta. Daga baya aka yi ta rage nauyi ana ƙara ƙarfi, har kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga sana'ar a 1959. Muddin injin yana fitowa daga irin waɗannan kamfanoni, tsadarsa ta kan taƙaita shi ga 'yan katako masu jari da ma'aikatun gwamnati. Amma da masana'antun ƙasar Sin suka shiga kwaikwayonsa, suna fitar da shi a kan wani ɗan kaso na kuɗin na asali, wani ma da launi da tambari masu kama da na mashahuran kamfanoni don a ruɗi mai saye, sai ya zama duk wanda ya sayar da 'yan buhunan masara ko ɗan bijimi yana iya mallakarsa, ya shiga daji da shi washegari, alhali babu wanda ya koya masa riƙo, babu kuma wanda ya tambaye shi inda za shi.

Adalci ya wajabta mana mu fara da faɗin alherin da ke cikinsa. Manomin da ke son buɗe sabuwar gona, wanda a da sai ya tara gayya ya yi makonni yana fama da gatari da adda, yanzu ya kan gama kafin ruwan farko ya sauka. Bishiyar da iska ta kayar a kan hanya ko a kan gidan mutane ana kawar da ita cikin sa'a guda. Kafinta ya kan sami katako kusa da gida, matasa da dama kuma sun sami abin rufin asiri a zamanin da aiki ya yi wuya. Ba mu daga cikin masu ƙin kowane sabon abu don sabuntarsa, kuma mun san cewa wanda bai taɓa yin sassabe ba shi ne ke raina gajiyar mai gatari. Sai dai malamanmu na usulu sun daɗe da koyar da cewa ba a hukunta abu da amfaninsa kaɗai, sai an auna maslaha da mafsada, an ga wadda ta rinjayi 'yar'uwarta.

Illa ta farko tana komawa ne ga mai injin kansa. Irin wannan inji ba ya da ma'ajin baƙin mai daban a cikinsa in ban da na shafa wa sarƙa, sai an gauraya masa fetur da mai na musamman bisa ƙa'ida, wasu kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai, wasu kashi 25 ga 1, kuma da yawa daga masu saye ba su san wannan ba, domin takardar bayanin da ke cikin kwalin ba da harshensu aka rubuta ta ba. Saboda haka sai su zuba baƙin man mota, ko su yi awo da ido, kafin a ankara fistin ya ƙone, kuɗi sun tafi. Ƙarfen da aka yi arha wajen ƙera shi ya kan sa sarƙa ta yi saurin saki da dakushewa, igiyar tayarwa ta tsinke, famfon da ke shafa wa sarƙa mai ya daina aiki, sa'an nan a je wurin makaniki ya ce babu kayan gyaran da suka dace. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma asarar dukiya mai sauƙi ce idan aka gwada ta da asarar gaɓa ko rai, domin sarƙar nan tana gudun kimanin mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan kan ƙarfen da take zagayawa a kansa ya taɓa reshe ta gefen sama, injin ya kan yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi a fuska ko a kafaɗa cikin ƙiftawar ido. Don haka ne aka ƙirƙiro birkin da ke tsayar da sarƙa nan take, wanda shi ne farkon abin da ya kamata a jarraba kafin a biya kuɗi, kuma shi ne abin da ba a iya dogara da shi a injin da babu wanda ya tabbatar da ingancinsa. Ga shi kuwa samarinmu suna shiga daji da silifa da 'yar shara, babu kwalkwali, babu tabarau, babu abin toshe kunne duk da ƙarar da ke kurmantarwa sannu a hankali, a wuraren da asibiti mafi kusa ke da nisan tafiyar sa'o'i.

Illa ta biyu ita ce mafi girma, kuma ita ce ainihin dalilin wannan sharhi. Shekaru aru-aru, abin da ya tsare dazukanmu, baya ga umurnin sarakuna da sintirin malaman daji na zamanin En'e, shi ne wahalar saran kanta. Mutumin da ya san zai wuni yana dukan gindin kirya da gatari kafin ta faɗi, ba zai sare ta ba sai da larura, kuma a tsawon wunin nan yana da lokacin da zai tuna cewa ga ɗorawa can a bar ta saboda kalwa, ga kaɗanya a bar ta saboda mai, ga tsamiya a bar ta saboda kunu da inuwa. Wahalar ta kasance wani shamaki tsakanin kwaɗayin ɗan'adam da halittar Allah. Injin mai araha ya ɗauke wannan shamaki baki ɗaya, ba a kuwa kafa wani a madadinsa ba, ga shi kuma mai injin da aka ɗauko haya ana biyansa ne gwargwadon abin da ya kayar, don haka ba shi da wata riba a cikin bambanta itace mai 'ya'ya da maras 'ya'ya. Kaɗanya ta kan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa, ta kuma rayu fiye da shekara ɗari tana ciyar da matan karkara, amma sai a kayar da ita cikin 'yan mintoci don itacenta yana ba da gawayi mai ƙarko. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwarar kaɗe na tsawon wata 6 domin a riƙa sarrafa ta a cikin gida, wanda shaida ce cewa an san darajarta. To, ina amfanin tsare 'ya'ya a bakin iyaka idan ana ƙone uwa a daji?

Wanda ke neman hujja ya dubi abin da ya sami madobiya. Da masu ƙera kujeru da gadaje na alfarma a ƙasar Sin suka buɗe mata kasuwa, sai masu inji suka bi ta daga Kogi zuwa Taraba da Adamawa, har Najeriya ta shiga sahun gaba na ƙasashen da ke fitar da ita, alhali itace ce da Fulani ke sassaƙo ganyenta su ba shanu a ƙarshen rani. A 2016, a taron Johannesburg, aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, amma kafin nan manyan gindinta sun riga sun yi ƙaranci a wurare da yawa. Yanzu kuma tsadar kananzir da iskar gas, wadda ta tsananta bayan janye tallafin fetur a 2023, ta mayar da gidaje masu ɗimbin yawa ga gawayi, ta yadda marke da kirya da kawo suka hau hanyar da madobiya ta bi. Idan itace ya tafi, ruwan sama ya kan bugi ƙasa tsirara ya kwashe samanta, iska ta ɗebe saura, zaizaya ta ci gona, makiyayi ya rasa ganye ya matso kusa da amfanin manomi, daga nan kuma fitina ta tashi.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Shari'a ta halatta raya mataccen fili, har ta ba wanda ya raya shi haƙƙi a kansa, amma ta haramta israfi da ɓarna a bayan ƙasa. Imamu Maliku ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa daga cikin wasiyyar da Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi wa rundunar da ya tura Sham, akwai hana sare itace mai 'ya'ya. Idan wannan ne hukuncin ƙasar abokan gaba a lokacin yaƙi, mai hankali ya san hukuncin ƙasarsa a lokacin zaman lafiya. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya keɓe hurumi a Naƙi'i domin maslahar jama'a, Sayyidina Umar ma ya yi haka a Rabaza, wanda ke nuna cewa keɓe gandun daji da tsare shi aiki ne na shugabanni tun farkon Musulunci. Ɗan kasuwar da ya manna tambarin ƙarya a kan injin jabu kuwa, algus ya yi, kuma alhakin duk wanda ya jikkata saboda wannan yaudara yana wuyansa.

Wani zai ce a haramta injin kawai a huta. Ba mu goyon bayan haka, domin an jarraba an ga sakamako. Ƙasar Ghana ta haramta yanka katako da shi don sayarwa tun 1998, amma mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwanninta na cikin gida ya ci gaba da fitowa daga hannun masu injin, sai dai sana'ar ta koma ɓoye, cin hanci ya yawaita a shingayen hanya. Ƙasar Filifin kuwa ta kafa doka a 2002 wadda ta wajabta yi wa kowane inji rajista da neman izini kafin a shigo da shi, ko a sayar, ko a yi aiki da shi, kuma wannan tafarki ya fi kusa da abin da muke buƙata. Darasi mafi kusa da mu yana wurin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, inda tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato barin kututture ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rage saura, har aka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5. Sun gane cewa gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya kuma taki ƙasar da ke ƙarƙashinsa, abokin manomi ne. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, duk da haka sun nuna cewa gona da itace suna zama wuri guda.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi, waɗanda Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa amanar filaye a hannun gwamnoninsu, da su wajabta rajistar kowane inji a ƙaramar hukumarsa bisa kuɗi kaɗan da talaka zai iya biya, tare da horon 'yan kwanaki a kan riƙo da gyara da sanin itatuwan da ba a taɓawa, su kuma ɗauki isassun malaman daji su biya su haƙƙinsu a kan kari. Muna kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da jami'an kwastan da su hana shigowar duk injin da birkinsa bai ci jarrabawa ba, su kuma tilasta sanya bayanin amfani da shi da Hausa da sauran harsunan ƙasa. Jihohi 11 da ke cikin shirin dashen babbar katangar itatuwa don tare hamada su tuna cewa tsare babban itace guda da ke tsaye ya fi dasa tsirrai masu yawa da ba a ba su ruwa ba. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su maido da al'adar neman izini kafin a kayar da kaɗanya, ko ɗorawa, ko gawo, ko tsamiya, ko kuka, limamai kuma su shigar da wannan magana cikin huɗubobinsu kafin lokacin sharar gona.

Kai kuma manomi, idan larura ta sa ka ɗauko mai inji, ka riga shi shiga filin, ka sa alama a jikin kowane itace mai amfani, ka tsaya a kansa har ya gama, kada ka yarda a tone kututturen da zai iya toho, kada kuma ka bar yaro ya riƙe inji ko ya tsaya inda itace zai faɗi. Filin nan gadonsa ka yi da itatuwansa, kuma haƙƙi ne a kanka ka miƙa shi ga 'ya'yanka da itatuwansa. Allah ya ba shugabanninmu ikon tsare wannan amana, ya kuma ba mu ikon taimaka musu.