Raddi Ga Masu Cewa Zamanin Igwar Ja Ya Wuce

Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 wasu masu sharhin tsaro suke yayata cewa igwar da ake ja da mota ta zama tsohon yayi, kuɗin da sojan Nijeriya zai kashe a kanta asara ne. Hujjojinsu na da nauyi, sai dai sun auna igwa da ma'aunin filayen Turai. A ƙasarmu tambayar farko ita ce ko makamin zai iya isa inda ake buƙatarsa.

Suka ce jiragen Lancet marasa matuƙa sun yi ta farautar igwar M777 da Amurka ta ba Yukiren, domin kafin a naɗe ƙafafunta a maƙala ta a mota an riga an gano ta. Haka ne. Amma a can kowane ɓangare yana da na'urar da ke bin sawun harsashi a sama ta nuna inda aka harbo shi, kuma igwa mai tuƙa kanta ma ba ta tsira ba, ga girman jiki ga zafin inji da ke tona mata asiri. Igwar ja kuwa rami ake haƙa mata, a rufe da raga da ganye. 'Yan bindigar dazukan Zamfara ba su da waccan na'ura. Ƙungiyar ISWAP ta fara amfani da ƙananan jirage a yankin Tafkin Cadi, wannan kuwa dalili ne na koya wa sojan igwa ɓuya da saurin sauya wuri.

Suka ce to ai mai tuƙa kanta ta fi. A nan ne suka fi kaucewa. Palmaria ta Italiya mai tuƙa kanta da sojanmu ya saya ta kai tan 46. Igwar ja D-30 ta Tarayyar Sobiyat mai baki milimita 122 ba ta wuce tan 3 da ɗoriya ba, tana jefa harsashi kilomita 15, ƙafafunta uku idan aka baje su bakinta na juyawa kowace fuska. Mod 56 mai baki milimita 105 kuwa ana kwance ta gida 12 a ɗauka. Wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Yankwashi da Roni da Gwiwa cikin watan Agusta, da duwatsun Kazaure, da rairayin Babura, ya faɗa mini wace kwalbati ce za ta ɗauki tan 46. Allah ya dawwamar da zaman lafiyar wannan yanki, amma irin ƙasarsa ce ake faɗa a kanta a Arewa maso Yamma. Sannan idan injin mai tuƙa kanta ya mutu, igwar ta mutu tare da shi. Motar ja in ta lalace sai a kawo wata.

Tarihin Kano ya isa shaida. Igogi huɗu masu baki milimita 75 da Kanar Morland na sojan Ingila ya taho da su daga Zariya a 1903, irin waɗanda ake kwancewa 'yan dako su ɗauka a ka ne. Rashin nauyinsu ne ya kai su Bebeji suka fasa ƙofarta, rashin nauyin kuma ya sa ranar 3 ga Fabrairu harsashinsu ya kasa ganuwar Kano, sai da aka koma kan ƙofofi aka shiga ta Kabuga. Tsakanin nauyi da ƙarfin duka nan ne duk wahalar ƙera igwa take har yau. Maƙeran M777 a Ingila sun magance ta da ƙarfen taitaniyam, suka samu igwa mai baki milimita 155 a kan tan 4 da ɗan kai, alhali M198 da ta gada ta haura tan 7. Jirgi mai saukar ungulu na iya ɗaukar M777, shi ya sa Indiya ta sayi 145 a 2016 saboda tsaunukanta. Ƙasa mai fuskantar Sin da Pakistan ba za ta zuba kuɗi a kan abin da ya mutu ba.

Suka ce jiragen yaƙi sun wadatar. Super Tucano 12 muka karɓa a 2021, ƙurar hunturu kuma kan hana jirgi ganin ƙasa, igwa kuwa dare da rana tana nan. Ban ce ba ta kuskure ba. Abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgi marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi, igwa ma za ta iya yin irinsa in mai hango mata ya ba da lissafin ƙarya. Gyaran wannan yana makarantar sojan igwa ta Kachia, wajen horar da mai hange da mai lissafi.

Saura masu cewa ba za mu taɓa iya ƙera ta ba. Maƙeran Damagaram sun yi wa Sarki Tanimu igogi a ƙarni na 19, masana'antar makamai ta DICON kuma tana Kaduna tun 1964. Na san ƙarfen bututun igwar zamani sai ƙwararrun masana'antu, amma Indiya daga zanen igwar Bofors ta Suwidin ta fito da igwarta Dhanush. A fara da harsashin milimita 105 da 122, da taya da gindin da igwar ke zama a kai, bututu ya zo daga baya. Igwar ja ce kaɗai ke ba da damar hawa wannan tsani mataki-mataki, domin ba ta buƙatar injin tanka ko sulke.