SHARHI: "Ciwon Ido" Kaɗai Bai Isa A Takardar Neman Biya Ba

Tun daga shekarar 2022, lokacin da doka ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya, abin da likita ya rubuta a katin majiyyaci ya zama batun kuɗi. Kamfanin inshora ba ya ganin idon mara lafiya. Takarda yake dubawa, a kanta kuma yake biya ko ya ƙi.

Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, wanda aka amince da shi a 1990, ya ware wa cututtukan ido lambobi daga H00 zuwa H59. Yanar ido ta tsufa ita ce H25, hawan jinin ido H40, matsalar da tabarau ke gyarawa kuwa H52. Kowacce da nauyinta a aljihu. Yana takan ƙare da aikin tiyata, amma hawan jinin ido magani ne da awo har ƙarshen rai. Likitan da ya rubuta "ba ya gani sosai" ya cuɗa su wuri guda, ya bar akawun asibiti da zato. Daga nan takardar neman biya ta dawo, asibiti ya yi ta jiran kuɗinsa.

Akwai kuma tarkon H54. Wannan lamba girman raunin gani kawai take nunawa, ba ta faɗin musabbabi. Idan ciwon sukari ne ya taɓa idon, dole a rubuta shi da tasa lambar.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kuma ke kan gaba.

Saboda haka mai masana'anta ko kamfanin sufuri da ke biya wa ma'aikata inshora yana da haƙƙin neman rahoton shekara bisa lambobi, ba tare da sunayen mutane ba. Da shi ne zai san direbobi nawa tabarau kawai suke buƙata, ya kuma yi cinikin kuɗin shekara mai zuwa da hujja. Ya kamata a sa wannan sharaɗi cikin yarjejeniya, tare da tambayar ranar da asibitin zai koma bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022.