Mun yi wa karnukan Amurka dariya, to kajinmu da ragunanmu fa?

Jiya da yamma a majalisarmu nan Araba, wani ƙanenmu ya karanto mana wani tsohon labari a wayarsa. Wai daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka sama da 100 suka mutu a Amurka bayan sun ci abincin kare na kamfani, har aka kwashe abincin daga shaguna. Sai wuri ya kaure da dariya. Wani dattijonmu ya ce, "Kai, Turawa! Mu muna neman na tuwo, su suna zaman makokin kare." Ni dai ban iya dariyar ba, domin gubar da ta kashe karnukan nan na san ta. Ta taɓa shigowa gidana a cikin buhu, kuma da kuɗina na sayo ta.

Bara bayan kaka, uwargida tana da kajin ƙwai guda 60 da ta saya da kuɗin adashi. Duk ma'aikacin gwamnati ya san amfanin irin wannan ɗan kiwo, shi ke riƙe cefane idan wata ya yi nisa. Da abincin kaji na kamfani ya yi tsada, sai na koma wurin wani mai haɗa nasa yana aunawa da mudu. Ya fi arha, kuma a ido ba ka ganin komai. Cikin mako uku ƙwai ya ragu, kaji suka daina ci sosai, suka yi sukuku. Muka yi ta sayen magani muna zubawa a ruwa. Sai da guda 14 suka mutu na kira wani abokina likitan dabbobi. Ya feɗe ɗaya, ga hanta ta kumbura ta yi fari-fari kamar an shafa mata rawaya. Ya ce in kawo buhun. Ya zura hannu har ƙasa, ya fito da abinci ya dunƙule, yana warin fumfuna. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ba ciwo kake magani ba, guba kake ba su safe da yamma."

Asarar kajin ba ita ta hana ni barci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon makonnin nan yarana suna cin ƙwan.

Sunan gubar aflatoksin. Wata irin fumfuna ce ke fitar da ita, wadda ke kama masara, gyaɗa, dawa da guryar auduga, musamman idan amfanin ya sha fari a gona, ko ƙwari sun huda shi, ko an zuba shi a buhu bai gama bushewa ba. Ba sabon abu ba ne. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu aka gano garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil ne ya jawo, daga nan masana suka gano gubar. A 2004 a Kenya mutum 125 suka rasu saboda cin masarar da ta kamu. Mutane fa, ba karnuka ba.

Abubuwa uku nake so mu riƙe game da ita. Na farko, dafawa ko suya ba sa kashe ta. Na biyu, ba lallai ka gan ta da ido ba, hatsi zai iya yin kyau alhali tana ciki. Na uku, kaɗan ta isa. A Amurka iyakar da hukuma ta sa a abincin mutane da na karnuka ita ce kashi 20 cikin biliyan, wato kamar miligiram 2 a buhu mai kilo 100. Hanta take lalatawa. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da ke jawo sankara, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kowa ya san ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Saniya ko akuyar da ta ci gurɓataccen abinci tana iya zama lafiya a ido, amma wani kaso na gubar yana fita ta nono. Nonon kuma wa ke sha da fura?

Wannan shi ya sa nake cewa maganar abincin dabba maganar abincinmu ce. A nan ma ta fi ƙarfi, domin Bature ba ya cin karensa, mu kuwa kaza, rago, ƙwai, nono, hanta da ƙoda a tukubar mai tsire, duk cikinmu suke ƙarewa.

Akwai kuma ɓangare na biyu, wato algus na ganganci. A 2007 karnuka da kyanwoyi masu yawa suka mutu da ciwon ƙoda a Amurka. Da aka bincika, sai aka gano an zuba melamin, wani sinadarin yin roba, a cikin kayan haɗin da aka shigo da su daga ƙasar Sin, don na'urar gwaji ta nuna kamar suna da sinadarin gina jiki da yawa. Shekara guda kacal bayan haka, a 2008, wannan melamin ɗin ya bayyana a madarar jarirai a Sin. Yara kusan 300,000 suka kamu, aƙalla 6 suka rasu. Wanda ya saba cutar dabba don riba, wata rana mutum zai cuta, hannun ɗaya ne.

Mu namu algus ɗin ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Tambayi duk mai turke da ke kiwon ragon layya, zai ba ka labarin dusar da aka cuɗa da ɓuntun shinkafa, ko wadda ka jiƙa ka ga yashi ya kwanta a ƙasan bokiti. Ga kuma al'adar da kusan kowane gida muke yi ba da mugun nufi ba: an tsince gyaɗa, mai kyau ta tafi kasuwa, ruɓaɓɓiya "a ba dabbobi". Masarar da ruwa ya taɓa a rumbu, "a niƙa wa kaji". Hatsin da aka yi wa feshin maganin ƙwari jiya, yau an sussuka, dusarsa tana gaban tumaki. Kada mu manta, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da aka hana shiga can, mu da dabbobinmu muka ci gaba da ci.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kai mai albashi ne, talaka da me zai sayi buhun kamfani? Gaskiya ne, kuma ni ma tsadar ce ta kore ni. A 2023 da 2024 farashin masara ya hana ƙananan masu kiwo sakat, ga rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar da ya dagula cinikin yankin nan har zuwa Maris na 2024. Ban ce kowa ya koma abincin kamfani ba, shi ma ɗin idan aka jibge shi a shago mai yoyo lalacewa yake. Ban kuma ce duk mai haɗa abinci macuci ba ne. Wanda ya sayar mini, da na koma wurinsa, rantsuwa ya yi ta yi, kuma na yarda da shi. Ya sayi masara mai arha ne bai san abin da ke ciki ba. Amma arha ba ta ado. Ɗan rangwamen da na samu bai kai rabin kuɗin kaji 14 da magungunan da na saya ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen hukuma, kuma ina faɗa a matsayina na ɗan gida da ya san yadda fayil ke kwana a kan tebur. Dokoki akwai. NAFDAC tana da sashen da ke kula da magunguna da abincin dabbobi. Akwai Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Najeriya da dokar 2007 ta kafa. A 2024 an ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya sukutum. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi a Sakkwato. To amma kasuwar Illela tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, dabba da dusa da harawa suna kai-kawo tsakaninmu da Konni kullum. Kasuwa irin wannan ta cancanci tebur ɗaya inda mai kiwo zai kai ɗan samfurin abinci a gwada masa. Akwai ƙananan kayan gwajin aflatoksin da ke ba da sakamako cikin 'yan mintoci. Inda ake iya zaunar da mai karɓar haraji, ana iya zaunar da mai gwaji.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. Manomi ya busar da masara da gyaɗa sosai a kan tamfol ko daɓe, ba a kan ƙasa ba. A ɗora buhu a kan katako, kada ya jingina da bango. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, in dai hatsin ya bushe. Akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar ƙwarai. Malaman gona su kawo mana shi kusa. Mai sayen abinci ya zura hannu har ƙasan buhu, ya shinshina, ya duba ranar da aka yi shi idan na kamfani ne. Abin da ya dunƙule, ko ya canza launi, ko yake wari, a binne shi, kada a ce dabba ce za ta ci. Idan kaji suka fara mutuwa, a nemi likita kafin a cika su da magani, kuma don Allah a daina yanka marar lafiya ana kai wa masu suya.

Shugabannin kasuwa da ƙungiyar masu sayar da dusa su ma suna da rawar takawa. Sun san juna, sun san mai zuba yashi. Mun taso muna jin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma yi masa kashedi mai tsanani. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, amanarta tana wuyan wanda ya ɗaure ta da wanda ya auna mata.

Uwargida ta sake zuba kaji bana. Yanzu duk buhun da ya shigo, ita da kanta take kwance shi ta juye a tabarma kafin a biya. Ku ma yau idan kun koma gida, ku leƙa buhun da ke bayan ɗaki.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, ya ba mu halal mai albarka.